Garwashin da Na Kai Murhun Kanku

Tun da na dawo daga ƙasar Hindu ba ku bar ni na sha ruwa da daɗi ba. In na fito ƙofar gida Kande ta tare ni: "Ya ukti, 'yar'uwa, wai da gaske saniya suke yi wa sujada?" In na je bazan, wato matattarar ruwan unguwa, ɗiban ruwa, Uwani ta riƙe mini gefen mayafi, ita lallai sai na gaya mata ko na ga mutum mai hannu goma. Na faɗa a tsaye, na faɗa a zaune, kowace ta ɗauki guntu ta ƙara masa gishiri, har jiya na ji wai na hau giwa. Ban hau giwa ba. Guda ɗaya ma na gani, daga nesa, tana tsaye kamar rumbu. To yau ga shi daga tushe, wadda ta ji ta ƙarasa wa wadda ba ta nan, a bar ni in huta.

Saboda wanda bai san mu ba: sunana Hadiza, amma duk Tandabawi, unguwarmu a nan Makka, Dada ake ce mini, sunan da mutanen Makka ke kiran mai reno. Shekarar da na rasa mijina da jaririna a wata guda, ita ce shekarar da matar Sidi Abdulkarim, Bahinden nan mai kantin yadi kusa da Harami, ta haihu nono ya ƙi zuwa. Aka aiko a kira ni. Na karɓi Safiya tana jajir, ta sha nonon da ɗana ya bari. A bayana ta girma, rabin kwanakinta a ɗakina ta yi su. Da Hausa ta fara magana kafin Larabci, da fura aka yaye ta, har ubanta kan yi dariya ya ce ya haifi farar Takruniya, yadda suke kiran mu baƙaƙen fata na yamma. Tana cikin shekara ta huɗu uwarta ta kwanta ciwon da ba ta tashi ba, kuma kafin ta cika ta bar wasiyya a kai yarinyar wurin kakarta, can wani ƙauye a ƙasarsu.

Lokacin Hajji ya gabato, Sidi ba ya iya barin kanti. Sai ya haɗa mu da kawun marigayiyar, Ammi Dawuda, wani tsoho mai gemu ja da lalle, wanda in ya zauna ya yi barci, in ya farka ya nemi shayi. Ana gobe za mu tashi Sidi ya kira ni.

"Ya Dada, amana ce," in ji shi. "In ƙasar ta karɓe ta, ta ci abincinsu ta sake, halas, shi ke nan, ki bar ta wurin kakarta ki dawo. In ta ƙi, kada ki bari ta lalace. Ki dawo mini da ita."

Na ce, "Tayyib, ya Sidi." Amma maganar nan tasa ta biyu na ƙulle ta a bakin zane na tafi da ita. Safiya ba ta cin abincin kowa sai nawa, kuma na san haka. Na sa aka niƙa mini garin gero buhu guda, na ɗauki tsamiya da citta da 'yar mangal ɗina, wato murhun gawayi na hannu. Ran tafiya da asuba Kande ta shigo ɗiban wuta kamar kullum, ta ga kayan, ta ce, "Ke Hindu za ki ko gidan miji?"

Motar da ta ɗauke mu zuwa Jidda kusan mu kaɗai ne a ciki. Duk duniya na shigowa, mu muna fita. Motoci na wuce mu cike da fararen kaya, ana ta Labbaika, ga 'yan'uwanmu da suka taho a ƙasa suna tafe gefen hanya da ƙullin kaya a ka. Wata tsohuwa ta ɗago kai ta ga baƙar fuska a motar da ta juya wa Makka baya, ta ɗaga mini murya da Sakkwatanci wai ko ɓatan hanya muka yi. Tun da iyayena suka iso da ni ta Sudan ina yarinya ban taɓa rasa Arfa ba, sai wannan shekarar.

A Jidda aka ce ba mai shiga jirgi sai an yi masa lamba saboda agana. Ni na nuna tsohon tabona aka bar ni. Safiya aka tsage ta a dantse, ta yi ihu har ma'aikacin ya toshe kunne, kana ta zage shi da Hausa zagin da ban san inda ta koya ba. Na san inda ta koya, a bakin Uwani ne. Daga nan ƙaramin jirgin ruwa ya kai mu ga babban, wanda ya sauke alhazai zai koma wofi.

Ba ku taɓa ganin wuri mai faɗi da kewa irin jirgin nan ba. Ko'ina alamar mutane, ba mutane. Ga igiyoyin shanya, ga warin albasa, ga takalmin yaro ƙafa ɗaya a lungu. Safiya ta yi ta gudu daga wannan ƙarshen zuwa wancan tana kiran sunanta don ta ji amsa-kuwa. Har muka wuce Adan ruwan lafiya lau yake, shuɗi kamar an turo shi daga marina. Na kan zauna in dube shi har in manta ko safiya ce ko yamma. Mai dafa abincin jirgin ya kawo mana shinkafa da wata miya rawaya mai yaji, Safiya ta ɗanɗana ta tofar.

"Ma abga, Dada. Ba na so. Kunu."

Na hura mangal ɗina a bayan wata tukunyar ƙarfe na dama mata. Ina damawa ina jin daɗi a raina, ba zan ɓoye muku ba.

Bayan Adan teku ta canza hali. Iska ta taso, jirgin ya dinga hawa yana sauka, Ammi Dawuda ya kwanta ya rufe kai da rawani, ko shayin ya daina nema. Wata rana da hantsi igiyar ruwa ta haye bene ta bi ta kan kayanmu. Buhun garin ya sha ruwan gishiri, kafin mu ankara ya yi tsami ya yi baƙi. Abin da na tsira da shi ɗan wanda na ƙulle a tsumma ne na ajiye a matashi. Daga ranar na fara auna mata da cokali, kunun ya koma tsararo, ita kuma ta fara ramewa. Lambar ta kumbura ta sa mata zazzaɓi. Gudun da take yi a bene ya tsaya.

Muka sauka Bombai ana ruwan sama. Ku da kuka san ruwan Makka, wanda in ya sauko kowa ya suri ɗansa ya hau tudu don gudun ambaliya, ba za ku gane wannan ba. Can ruwa ba ya zuwa da fushi. Sauka yake yi a hankali daga safe zuwa safe, mutane na ciniki a cikinsa, suna aski a cikinsa, kowa da baƙar lema. Na tsaya a bakin tashar na buɗe tafin hannu kamar sakara. Masaukin alhazai aka kai mu, shi ma wofi. Tsohuwar da ke sharar wurin da ta ji daga Makka nake sai ta kama hannuna ta sumbata ta shafa a idonta. Ni da ake ce wa "ke Takruniya, matsa" a kasuwa, ga ni ana neman tubarraki da hannuna mai kanta. Na yi dariya har na ji kunya. Ta kawo wa Safiya madara da wani alawa mai zaƙi, yarinya ta juya fuska ta cusa a ƙirjina.

Daga nan jirgin ƙasa, muka yi arewa. Wallahi ban san Allah ya yi kore iri-iri haka ba. Gonaki kwance cikin ruwa, sararin sama na ciki, mata sun duƙa a kai da zannuwa ja da rawaya kamar suna shuka a kan gajimare. Ɓaunaye sun nutse sai hanci, ɗawisu na tafiya a kan katangar gida kamar kaza, ba mai ko kallonsa. A kowace tasha ana miƙo shayi ta taga a ɗan kaskon yumɓu, in ka sha ka jefar ya fashe. Ni kuwa na dinga tara nawa a jaka, har Ammi Dawuda ya farka ya gani ya ce, "Ya binti, 'yata, ƙasa za ki kai wa Makka?" In ka tambayi mutum abu sai ya kaɗa kai gefe da gefe. Na yi fushi da mutum uku kafin in gane "to" suke cewa.

Ba mu kai inda za mu ba jirgin ya tsaya cak. Ruwa ya cinye hanya a gaba. Ammi Dawuda ya samo mana mai amalanken shanu, wanda ya ce zai kai mu garinsu a bakin kogi, gobe mu haye da kwalekwale, ƙauyen kakar Safiya na can ƙetare. Ku sani Hindawa iri biyu ne. Akwai masu salla irin su Sidi, akwai masu bin addinin kakanninsu, kuma garin nan na biyun ne kusan duka. Mun same shi cike maƙil da baƙi, ba masauki. Mai amalanken ya ce mu kwana a rumfar ƙofar gidansa.

A nan na ga Kanku, matarsa. Gajeruwa ce, siririya, fuskarta duk zanzanar agana, ga awarwaro har gwiwar hannu. A kwankwasonta akwai ɗa namiji tsaran Safiya, da suma har kafaɗa, ba a taɓa yi masa aski ba. Na roƙi ruwa da hannu. Ta kawo, amma ba ta miƙo mini moɗar ba. Tsayawa ta yi nesa ta ɗaga ta sama tana tsiyayowa a tafina, tana kaffa-kaffa kada bakin moɗar ya taɓa ni. Raina ya ɓaci. Na ce wa Ammi Dawuda, "Gaya mata ni alwala nake yi sau biyar, ita sau nawa?" Ya ce, "Malesh, yi haƙuri, ya binti, ba ke ba ce. Haka suke yi wa duk wanda ba nasu ba." Bai gaya mata ba, ya yi kyau da bai gaya mata ba.

Yinin nan duk garin girki ake. Hayaƙi ya rufe rufin gidaje, kowane gida ana tuya, ana gashi, ana dama wani abu a manyan tukwane. Na ɗauka biki ne na wani babba. Kanku ba ta zauna ba tun da muka iso. Murhunta na tsakar gida, ina hango shi ta ƙofa. Da yamma ta kwashe tokar, ta wanke shi, ta shafe shi da sabon yumɓu, ta ɗiga masa wani jan abu, ta sa ganye a ciki. Na ce a raina, wannan mata akwai tsabta, ko da yake akwai wulaƙanci.

Gari ya waye shiru. Ruwa na yayyafi, sama fari fat, kuma ko zare ɗaya na hayaƙi babu a garin. Ammi Dawuda ya tafi bakin kogi neman mai fito. Safiya na kwance a cinyata, jikinta zafi, leɓenta ya bushe, tun jiya ba abin da ya shiga cikinta sai ruwan Zamzam da nake ɗiga mata. Na kwance tsummana. Garin da ya rage bai cika tafi ba. Na hura mangal, na ɗora ruwa, na zuba garin.

Ina fifita wutar ina duban gidan Kanku. Hantsi ya yi, murhu a mace. Na dubi na maƙwabta, haka. Sai na ce, ayya, bayin Allah, jiya sun ƙone itacensu kaf, ga ruwa ya jiƙa sauran, yau ba wanda ya samu abin kunnawa. Ku kun san yadda muke a Tandabawi. Wadda ta riga hura wuta ita ce uwar unguwa ran nan, kuma in hantsi ya yi ba ka ga hayaƙi a ɗakin maƙwabciya ba, ba ka jira ta roƙa, kai mata ake yi. Na ce bari in nuna wa matar nan yadda 'yar mutunci take, ko ta ji kunyar moɗarta. Na sami tsingaro, na zaɓi garwashi masu kyau jajaye, na yi sallama na shiga, na juye su a tsakiyar murhun nan mai sabon shafe. Har na duƙa na hura mata.

Ƙarar da Kanku ta yi ban taɓa jin irinta ba sai ran da aka fito da gawar ɗana, kuma ran nan daga bakina ta fito. Ta saki abin da ke hannunta, ta suri tulu ta juye a murhun, ta bi da hannu tana kwashe garwashin da ke ci, tana ƙonewa ba ta sani ba. Sai ta rarumi ɗanta ta dinga shafa jikinsa tana juya shi, tana duban wuyansa da cikinsa. Mata suka cika gidan, kowace na magana, wata na nuna ni, wata na kuka. Ni kuwa ina tsaye da tsingaro a hannu kamar wadda aka dasa.

Allah ya kawo Ammi Dawuda. Ya ji ta bakinsu, ya dafe kai.

"Ya waili! Laifina ne, ban gaya miki ba. Yau ranar uwar agana ce, Sitala suke ce mata. A wurinsu yau tana yawo gida-gida, jikinta na zafi, tana neman murhu mai sanyi ta kwanta a ciki. Shi ya sa suka yi girkin yau tun jiya, yau sai abinci mai sanyi. Suna cewa gidan da ta tarar da wuta ta ƙone, a jikin yaran gidan take mayar da ƙunar."

Abin da ya fara zuwa bakina astagfirullahi ne. Cuta da lafiya na hannun Allah, ba na hannun mai kwana a murhu ba. Amma tsohon ya ƙara da cewa matar nan ta binne 'ya'ya biyu da agana, wannan mai sumar shi kaɗai ya rage, kuma yau ne za ta kai shi a yi masa askin da ta yi alkawari. Na dubi fuskar Kanku, na dubi yatsunta da suka tashi. Ni na san abin da ake ji. Na koma rumfa na ɗauki butata na juye a kan mangal. Tukunyar ta kife, ɗan kunun da bai ko nuna ba ya bi ruwan sama ya tafi. Geron Makka ya ƙare ke nan.

Ba wanda ya kore mu, amma ba wanda ya sake duban mu. Na goya Safiya muka bi Ammi Dawuda bakin kogi. A nan mafitar take, kuma a nan ɗakin bautarsu yake, don haka duk inda garin ya nufa can muka nufa. Mai fito ya ce sai ya gama ɗebo masu zuwa daga ƙetare. Na samu gindin wata bishiyar dogonyaro na zauna, na kwanto yarinyar na rungume ta.

Abin da na gani a wurin nan har yau in na tuna sai in ga kamar a barci na gan shi. Ban ci komai ba ni ma, ga yayyafi, ga hazo kwance a kan ruwa, komai na motsi a hankali. Kwalekwale na fitowa daga cikin farin nan cike da mata, kamar daga babu suke zuwa. Suna shiga kogin da zannuwansu su nutsa su fito, su tsoma 'ya'yansu cikin ruwan sanyi, yaran na ihu, uwayen na waƙa can ƙasa-ƙasa. Kowace da tukunya biyu uku a ka, an ɗaure bakinsu da tsumma. Ba ganga, ba turare, ko fitila ba a kunna ba. Sai ƙararrawa guda da ake bugawa jefi-jefi.

Ɗakin ƙarami ne, bai fi shagon mai shayi ba, an shafe shi da farar ƙasa. Ban matsa kusa ba, amma ƙofar a buɗe take. Uwani, ga amsarki: hannunta ba goma ba ne. Mace ce aka sassaƙa a kan jaki, da tsintsiya a hannu ɗaya, da tulu a ɗayan, da faifai a ka. Jaki, tsintsiya, tulu, faifai. Na ce ikon Allah, ai waɗannan kayan aikin kowace mace ne a unguwarmu. Suna zuba mata ruwan sanyi da nono, suna ajiye abinci a gabanta, kana uwa ta kwantar da ɗanta a bakin ƙofa ta ɗora goshinta a ƙasa. A gefe wanzamai na aske jarirai, suma na zuba a ganye. Waɗanda ba su samu haihuwa ba suna ɗaura 'yan tsummoki a reshen bishiyar da nake ƙarƙashinta. Wata yarinya ta ɗaura nata daidai kaina, ta tsaya tana riƙe da reshen ta kasa saki.

Na tuna a daidai kwanakin nan Makka ta cika ta batse. Ban ce abu ɗaya ba ne, Allah ya tsare ni da faɗar haka. Na karanta Ayatul Kursiyyu na tofa wa Safiya, na roƙi wanda ya halicce ta. Amma muryar uwa mai roƙo a kan ɗanta na san ta, na sha jin ta a jikin Ka'aba da harsuna da ban sani ba. A wurin na ji ƙullin nan na bakin zanena ya kwance. Yarinyar ta yi sakwaf a hannuna, idonta rabi a rufe. Na ce ya Rabbi, ta ci. Ko na wane ne, ko a ina ne, ta ci kawai.

Ban ga zuwan Kanku ba, awarwaronta na ji. Tana tsaye a kaina, ɗanta a kwankwaso da kai fari tal, sabon aski. Fuskarta ba fara'a. Ta dubi Safiya ta daɗe. Sai ta tsuguna ta ajiye tukwanenta, ta miƙa hannun nan da ya ƙone, wanda jiya ko moɗa bai yarda ta taɓa ni ba, ta dafa goshin yarinyar. Ta ga lambar da ta kumbura a dantse, ta ja hannun rigar ɗanta ta nuna mini. Shi ma da tasa. Ashe baiwar Allah ta kama nan ta kama can, ga lamba ga alkawarin aski.

Ta jawo tukunya za ta kwance. Na ce wa Ammi Dawuda, "Tambaye ta, an kai wannan gaban gunkin? In an kai ba za ta ci ba." Ya tambaya. Ta kifa ɗaya ta nuna mini wofi ce, ta nuna ɗakin. Ta dafa ɗayar, wadda ƙullinta na gida bai motsa ba, ta nuna bakin ɗanta. Kana ta kwance.

Ƙamshin ne ya fara zuwa. Na ɗauka yunwa ce ke yi mini wasa da hankali. Gero ne, jama'a. Gero aka dafa tun jiya aka dama da nono mai tsami, ya kwana ya yi sanyi. Ba citta, ba kanumfari, gishiri ma suka sa, amma duk wadda aka haifa a gidan Bahaushe ta san wannan ƙamshin da ido rufe. Na tsallake teku ina tattalin tafin gari kamar zinariya, ashe ƙasar masu gero nake tafiya.

Safiya ta buɗe ido. Hancinta ya motsa.

"Dada," ta ce, "fura."

Kanku ta ɗauke ta daga cinyata ta ɗora a tata. Ta lakato da yatsu ta kai mata baki. Yarinyar ta lasa, ta buɗe baki kuma. Ta ci, ta ci, nono na bin haɓarta, har ta kama hannun matar da hannu biyu kada a janye. Ɗan Kanku ya ga ana cinye masa rabo ya sa kuka, uwar ta dinga ba wannan ta ba wancan da hannu guda.

Ammi Dawuda ya ɗaga hannu sama, hawaye na bin jan gemunsa. "Alhamdu lillahi! Ta ci, ya binti! Halas, ƙasar ta karɓe ta."

Na ce alhamdu lillahi, kuma har zuciyata na faɗa. Ban taɓa jin farin ciki irin na lokacin ba, ban kuma taɓa jin an zare mini abu daga ƙirji irin na lokacin ba. Na yi kuka sosai. Kanku ta ɗauka na murna ne kaɗai, ta dinga kaɗa mini kai gefe da gefe.

Kakar Safiya mutuniyar kirki ce, mai kama da marigayiyar har a tafiya. A bayan ɗakinta akwai randunan gero, ga ɓauna mai ba da nono. Na zauna har zazzaɓin ya sauka, kumatu suka dawo. Na koya wa tsohuwar yadda ake kirɓa fura a cura ta, da yawan cittar da yarinyar ke so, da cewa in ta ce "ƙoshi" ba ta ƙoshi ba, a ƙara mata. Safiya ta fara bin 'ya'yan kawunnanta cikin gona, ta fara kama kalmominsu. Ran da zan taho na bari sai da aka ajiye mata ƙwarya a gaba ta sa kai. Na tsaya a bakin ƙofa na dubi ƙeyarta. Ban kira ta ba.

Da na dawo an gyara hanyar jirgi, don haka ta taga na hango garin su Kanku. Hayaƙi na tashi daga kowane rufi, ban gane nata ba. Ban san abin da ya samu ɗanta ba, ba kuma wanda zan tambaya. Ina sa shi a addu'a tare da Safiya, Allah ya raya shi ya shirye shi.

Na iso Makka alhazai sun watse, gari ya koma namu. Na je na gaya wa Sidi amanarsa ta isa, ta ci, ta zauna. Na dawo ɗakina na kwanta. Kashegari har rana ta take ban tashi ba. Sai na ji sallamar Kande, ta shigo da garwashi a tsingaro tana karewa da hannu.

"Ya ukti, lafiya? Tun safe nake duba, ban ga hayaƙinki ba."

Na ce, "Bar shi, Kande. Wa zan dafa wa?"

Ta dube ni sama da ƙasa. "Ke fa? Ke ba mutum ba ce?"

Ba ta jira amsata ba. Ta juye su a murhun, ta duƙa ta hura.